Ranar da Huhuna na Dama Ya Sace

Sana'ar turaren wuta na gada a wurin mahaifiyata. Tun ina 'yar shekara tara nake zama a gefen murhu ina kallon yadda take soya itacen hawi da sandal a cikin narkakken sukari, ta sauke, ta yayyafa turare tun da zafinsa, ta ɗura a kwalba ta rufe. Ba ta taɓa auna komai ba, da hanci take gane ya yi ko bai yi ba, ni ma haka na tashi. Da mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, wannan sana'ar ce ta riƙe mu. Ina da ɗan shago a Kasuwar Kwastam a nan Maiduguri, ɗakinmu kuma yana Moduganari, a gidan yayan mijina, can ƙuryar gidan kusa da wata darbejiya.

A hanci ciwon ya fara. Mura ce kamar ta kowa, sai dai ta ƙi tafiya. Hancin ya toshe, yana yin ɓawo a ciki, in na fyace sai in ga jini. Daga baya kunnena na hagu ya doɗe. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce hayaƙi ne, shekara talatin ina shaƙarsa, dole wata rana jiki ya nuna. Na sha maganin kemis kala-kala, na yi sirace da ganye, babu abin da ya canza.

Wata safiya ina suya a tsakar gida, matar yayan mijina ta fito daga ɗaki da sauri ta ce, "Ke, ba ki ji yana ƙonewa ba ne?" Na duba tukunyar, itacen ya yi baƙi ƙirin. Ina zaune a gabanta, hayaƙin yana dukan fuskata, amma ban ji komai ba. Na shiga ɗaki na buɗe kwalbar humra mafi ƙarfi da nake da ita, na kai hanci. Kamar ruwan randa na shinshina. Na mayar da murfin, ban faɗa wa kowa ba.

Bayan wata biyu tari ya shigo. Zazzaɓi da yamma, gwiwoyi da wuyan hannu suna ciwo, zanena ya fara yi mini yawa. Ranar da na ga jini a kakina na tafi asibiti. Aka ɗauki hoton ƙirji, likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini wasu ramuka biyu a huhun dama. An gwada kakin sau biyu ba a ga ƙwayar cutar ba, amma ya ce alamun duka na tarin fuka ne, kuma a nan ƙasar in an ga irin wannan hoton shi ake fara zato. Ya ce in fara magani, wata shida. Ban ga laifinsa ba a lokacin, har yanzu ma ban gani ba.

Da na dawo gida na faɗa musu, babu wanda ya yi mini magana mara daɗi. Yayan mijina mutum ne mai kunya. Ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba, ya ce, "Ba gudunki muke yi ba. Yara ne a gidan, kin gane."

Na ce, "Na gane, Yaya."

Washegari na ga an ɗaura jan zare a hannun wani kofi, an ware mini kwano da buta. Kwana uku bayan haka yayata ta zo daga Zabarmari, inda take aure, mijinta manomin shinkafa ne. Ta zauna a kan tabarma a waje, ni ina daga ciki, ta ce za ta tafi da yarinyar har in gama magani. 'Yata shekararta takwas a lokacin. Ni na haɗa mata kayanta a jakar makaranta. Ta zo za ta rungume ni, yayata ta riƙo hannunta ta ce, "Daga nan za ki yi wa Mama sallama." Yarinyar ta dube ni tana jiran in ce ba haka ba. Na ce mata ta bi innarta, ta riƙa jin magana.

Wata huɗu na yi a ɗakin nan. Shago na rufe, don babu mai sayen turare a hannun mai tari. Abinci ana kawo mini sau uku, a ajiye a bakin ƙofa a yi sallama a juya. In na fito zan je famfo, sai in ji ana kiran yara ɗaya bayan ɗaya, ana neman aikin da za a sa su a ɗaki. An yi bikin babbar 'yar gidan a cikin watannin. Ni ce na haɗa turaren duk amaren unguwar shekara da shekaru, amma nata a waje aka saya. Ranar wushe-wushe, daren shagalin biki na al'adar Kanuri, ina jin kiɗa da guɗa ta bango, aka aiko mini da shinkafa da nama a kwanona.

Duk Juma'a nakan kira yayata in ce a ba ni yarinyar. Da farko kuka take yi. Daga baya ta fara ba ni labarin yadda suke korar tsuntsaye a gonar shinkafa da gwangwani, da 'yar akuyar da aka ce tata ce. Hausarta ta fara juyewa, tana sako Kanuri a tsakiyar magana ba ta ma sani ba. Na yi murna da ta saba. Amma in mun gama nakan daɗe da wayar a hannu.

Mutum ɗaya ce take kirana ba don dole ba. Wata 'yar kabilar Ibo ce, shagonta yana jikin nawa, tana sayar da kwalabe da robobi, a wurinta nake sayen kwalaben turare. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yar'uwa. Shekararta ashirin a Maiduguri, duk tashin hankalin da aka yi ba ta tafi ba. Takan kira ta ce, "'Yar'uwa, ka sha magani?" Ba ta taɓa iya bambanta "ka" da "kin" ba, na gaji da gyara mata. Ina shan maganin ban taɓa tsallake rana ba, fitsarina har ya koma ja saboda shi, amma tarin ƙaruwa yake yi.

Ranar Alhamis ce, bayan azahar, cikin tsananin zafin bazara. Mutanen gidan duk sun tafi suna a wata unguwa. Na ɗebo ruwa rabin bokiti zan watsa a jiki, ina daf da ƙofar ɗaki tari ya sarƙe ni. A cikin tarin na ji wani abu ya soke ni a haƙarƙarin dama, ya haura har kafaɗa. Na saki bokitin. Na ja numfashi, ya tsaya a rabi. Na sake ja, ya tsaya a inda bai kai na farko ba. Na durƙusa a cikin ruwan da ya zube, na buɗe baki zan yi kira, muryar ba ta fito ba, kuma ko ta fito babu kowa a gidan sai kaji.

Da rarrafe na kai ga wayar. Lambar Madam ce a sama, don ita ta kira ni da safe. Ta ɗauka tana cewa, "'Yar'uwa? 'Yar'uwa?" Ban iya ce mata komai ba. Daga baya ta faɗa mini cewa numfashin kawai ta ji, ta bar shagon a buɗe ta tare keke napep. Ban san tsawon lokacin da na yi a ƙasa ba. Na tuna ina kallon wata tururuwa tana kewaya ruwan, na tuna ina son yin kalmar shahada da baki amma iskar ba ta isa ba, sai na yi a zuci. Da Madam ta shigo ba ta rufe hancinta ba. Ta sa hannu a hammatata ta ɗaga ni, ita da mai keken suka fitar da ni. Rabon da wani ya taɓa jikina tun ranar da aka ce tarin fuka ne.

A asibiti wata matashiyar likita ta ɗora abin sauraro a ƙirjina, hagu, dama, ta sake komawa dama. Ta ce wa nas ɗin da ke gefenta, "Wannan ɓangaren shiru." Ba su jira hoto ba. Ta soka mini wata allura a saman ƙirji, na ji iska tana fita da ƙara, fuuu, numfashina ya ɗan buɗe. Sannan suka yi mini allurar kashe zafi a gefe, suka tsaga tsakanin haƙarƙari, suka zura bututu mai kaurin yatsa. Ɗaya bakin bututun yana cikin wata kwalba mai ruwa a ƙasan gado. Duk numfashin da na fitar sai ruwan ya yi kumfa.

Da na dawo hayyacina likitar ta yi mini bayani. Ɗaya daga cikin ramukan nan na huhu ne ya fashe. Iska ta riƙa fita ta wurin tana taruwa a cikin ƙirji, ta danne huhun har ya sace kamar tayar keke. Bututun zai fitar da iskar, huhun ya sake buɗewa. In kumfar ta daina, ramin ya rufe ke nan. Ta ce yawanci kwana kaɗan ne.

Saboda an rubuta tarin fuka a katina, a wani ƙaramin ɗaki aka sa ni ni kaɗai, a ƙarshen ɗakin mata. Gado ɗaya, kujera ɗaya, taga tana kallon bayan wurin wanki. Matar yayan mijina tana kawo abinci ta miƙa wa nas. Madam tana zuwa ran Lahadi in ta taso daga coci, ta zauna a kujerar ta ba ni labarin kasuwa. Sauran kwanakin ni da kwalbar ne. In zan je bayi sai in ɗauke ta a hannu, an gargaɗe ni kada in ɗaga ta sama da ƙuguna. Salla a zaune nake yi. Mako ya wuce, kumfar ba ta daina ba.

A kwana na tara wani babban likita ya shigo zagaye, dattijo mai furfura a gemu, ɗalibai suna biye da shi. Ya duba hotunan, ya duba katin, sannan ya tsaya yana kallon fuskata har na ji kunya. Ya ce, "Hajiya, tun yaushe hancinki ya lotsa haka?"

Ban san ya lotsa ba, don na daina duba madubi. Ya ja kujerar ya zauna. Ya tambaye ni jinin hanci, ya tambaye ni kunne, gwiwoyi, ko idona yana ja, ko ina jin ƙamshi. Babu wanda ya taɓa haɗa waɗannan da tarin, ni ma ban haɗa ba. Da na ce masa na fi wata shida ban ji ƙamshin komai ba, kuma turare nake sayarwa, sai ya ce, "Sannu." Ya sa aka gwada fitsarina, aka ɗebi jini aka aika Legas, aka yanki ɗan nama daga cikin hancina.

Kwana goma muka jira. Ranar da sakamakon ya zo shi kaɗai ya shigo, ba takunkumi a fuskarsa. Ya ce, "Ba tarin fuka ba ne. Tun farko ma ba shi ba ne."

Ya ce a jikin kowa akwai garkuwa da ke yaƙar cuta. Tawa ce ta rikice ta juya tana yaƙar ƙananan jijiyoyin jinina. Jijiyoyin suna kumbura, naman da suke ciyarwa ya mutu. Shi ya cinye cikin hancina, shi ya yi ramukan huhu, ya kuma fara taɓa ƙoda. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, na sa ya rubuta mini a takarda. Na ce da Hausa fa? Ya ce bai san yana da suna ba.

Na ce, "Hayaƙin turare ne ya jawo?"

"Ba mu san abin da ke tayar da shi ba. Ba wani abu kika yi ba."

"Ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka. Ko kofi ɗaya kuka sha da mutum."

Na zaci zan yi murna. Da ya fita na juya fuskata bango, ina lissafin Juma'o'in da na yi magana da 'yata ta waya, da ranar da aka riƙe hannunta a bakin ƙofa. Na nemi wanda zan ji haushinsa ban samu ba. Kowa abin da aka faɗa masa ya bi.

A ranar aka mayar da ni babban ɗaki cikin mata. Aka tsayar da maganin tarin, aka fara wani, ƙwayoyi da safe, da wani mai ƙarfi da ake sawa a ƙarin ruwa. Yayan mijina ya zo da matarsa. Ya tsaya a ƙarshen gado yana murza hularsa, ya ce, "Ki yafe mana." Na ce babu abin da suka yi mini. Matarsa ta ɗauki kofina ta sha ruwa a gabana, alhali na san ba ƙishi take ji ba.

Na roƙi a kawo mini yarinyar. Likita ya ce a dakata. Sabon maganin aikinsa shi ne ya kwantar da garkuwar jikina, don haka murar da yaro zai yi kwana uku ya warke, ni tana iya kayar da ni, ga kuma rami buɗe a ƙirjina. Yayata ta ce ai kuwa yarinyar tana tari. Duk da haka ta zo da ita, suka zagaya ta bayan ginin. Na ɗauki kwalbata na je taga. Yarinyar ta yi tsawo, ta yi baƙi, an yi mata kitso irin na can. Ta dube ni, ta dubi bututun da ya fito ta ƙarƙashin rigata, ta ɓuya a bayan yayata. Da ƙyar ta leƙo ta ce, "Mama, ina wuni." Na ce lafiya lau, yaya akuyarki? Ta ce ta haihu.

Kumfar ta ragu amma ba ta tsaya ba, sai da suka zuba wani magani ta cikin bututun don huhun ya manne da bangon ƙirji. Ban taɓa jin zafi irin na wannan yinin ba, har haihuwa. Bayan kwana uku ruwan kwalbar ya kwanta. Aka ce in yi tari, na yi, bai motsa ba. Kwana ashirin da shida bututun ya yi a jikina. Da aka zare shi na tashi zan je bayi, sai na sunkuya ina laluben kwalbar a ƙasan gado.

Na koma gida da kumburarriyar fuska saboda magani, gashina yana zuba. 'Yata ta dawo bayan wata biyu. Ta yi mako tana kwana a ƙarshen katifa, in ta yi mafarki innarta take kira. A hankali ta matso. Mutanen gidan sun yi ƙoƙari, suna kirana cin abinci a tsakar gida, amma yanzu ni ce nake tashi in wani ya yi atishawa. Ba na zuwa biki, ba na zuwa suna, in zan shiga kasuwa sai da takunkumi. A unguwa har yau wasu "mai tarin nan" suke ce mini. Na gwada yi wa mutane bayani, in na ce jikina ne yake yaƙar kansa sai su gyaɗa kai, can kuma wata ta ja ni gefe ta ce ta san wani malami da ke karya sammu. Na daina bayanin.

Turare kuwa na bari. Likita ya hana ni hayaƙi, ko bai hana ba ma, hancin bai dawo ba. Yanzu hijabai nake ɗinkawa a ɗaki, Madam tana rataye mini su a gaban shagonta.

Duk wata biyu nake komawa asibiti a duba jini da fitsari. Wata rana na tambayi dattijon likitan ko akwai wani mai irin ciwona a garin nan. Ya ce ba kasafai yake gani ba, amma akwai wata mata da take zuwa daga wajen Biu, ranar Laraba take zuwa, ni kuma Litinin. Na roƙe shi ya tambaye ta ko za ta yarda mu haɗu, ta ce to, aka mayar da ni Laraba.

Ban sha wuyar gane ta ba, hancinmu iri ɗaya ne. Ta girme ni, siririya, da gyale a kafaɗa da 'yar jakar leda cike da katuna. Na zauna kusa da ita a benci na gaishe ta. Hausarta kaɗan ce, yaren Bura take ji, ni kuma ba na ji. Duk tambayoyin da na yi makonni ina tarawa suka tsaya mini a baki. Na nuna gefen ƙirjina inda tabon yake. Ta girgiza kai, ta nuna bayanta, wajen ƙoda. Sannan ta taɓa hancinta ta ce, "Kina ji?" Na ce a'a. Ta ce, "Ni ma."

Muka zauna haka kusan awa biyu. Ta ciro gyaɗa dafaffiya daga jakarta ta zuba mini a hannu, muka ci, muna tara ɓawon a cinya. Aka kira ta ta shiga. Da ta fito ta ce motar Biu ba ta jira, ta riƙe hannuna ta sake, ta tafi. Ban tuna in karɓi lambarta ba sai da ta fita daga ƙofa.

Zuwa na gaba ban gan ta ba, na bayansa ma haka. Nas ta ce mini hanya ta yi mata nisa, ɗanta ya mayar da ita wani asibiti a Gombe. Na tambaya ko tana samun sauƙi, ta ce ba su da labari. Aka kira lambata, na tashi na shiga aka ɗebi jinin.